Ƙin Bin Dokar Zalunci Ba Tare da Makami Ba: Abin da Baƙar Fatar Amurka Suka Samo Daga Addinin Kirista

(Laccar da aka gabatar a taron ɗalibai a Unguwar Rogo, Sakkwato)



An nemi in yi magana a kan yadda baƙar fatar Amurka suka dogara da tarbiyyar addinin Kirista wajen yaƙi da wariyar launin fata, suka riƙa karya dokokin gwamnati da gangan, a bainar jama'a, ba tare da sun ɗauki ko tsinke ba. Na san akwai waɗanda za su ce a ransu, me ya haɗa kifi da kaska? Ina ruwan ɗalibin da ke zaune a Unguwar Rogo da fastocin Jihar Alabama? Amsar tana cikin tarihin wannan birni namu, saboda haka daga nan zan soma.

Ran 15 ga watan Maris 1903 sojojin Ingila suka ci Sakkwato a filin Giginya. Tun daga ran nan magabatanmu suka fuskanci wata tambaya mai nauyi, watau me ya kamaci mai imani ya yi idan wanda ya fi shi ƙarfi ya ɗora masa hukuncin da zuciyarsa ba ta yarda da shi ba. Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira, ya nufi gabas da dubban jama'a, Turawa suka bi sawunsa har Burmi, inda ya yi shahada a watan Yuli na wannan shekara. Waziri Buhari ya zaɓi ya zauna da su, ya kuma rubuta hujjarsa, cewa jama'a ba ta da ƙarfin faɗa, kuma Turawan ba su hana salla da azumi ba. Mutanen Satiru kuwa, a watan Fabrairu na 1906, suka ɗauki gatari da fartanya da baka, suka kashe mai riƙon muƙamin Razdan da wasu Turawa biyu da sojoji masu yawa. Kafin wata guda ya cika aka shafe garin daga doron ƙasa, aka kashe mutum wajen 2,000.

A cikin wannan shekara ta 1906 ɗin, ran 11 ga watan Satumba, Indiyawa mazauna Afirka ta Kudu, cikinsu har da fatake Musulmi da yawa, suka taru a birnin Johannesburg saboda wata sabuwar doka da ta tilasta musu yin rajista da dangwala yatsu kamar ɓarayi. Wani dattijo mai suna Haji Habib ya nemi kowa ya rantse da Allah cewa ba zai bi dokar ba, lauyansu Gandhi kuma ya gargaɗe su cewa wanda ya rantse ya shirya wa kurkuku da yunwa. Wannan wata hanya ce ta huɗu, dabam da ukun da Sakkwato ta gwada. Mai binta ba ya gudu, ba ya ɗaukar makami, ba ya kuma yin biyayya. Yana tsayawa ya ce na ƙi, sa'an nan ya miƙa hannu a sa masa ankwa. Gandhi ba Kirista ba ne, amma bai taɓa ɓoye cewa Huɗubar kan Dutse ta Annabi Isa, wanda Kirista ke kira Yesu Almasihu, ta yi tasiri ƙwarai a zuciyarsa ba.

Kada kuma wani ya ɗauka wariyar launin fata labarin ƙasashen ƙetare ne kurum. Dokar garuruwa ta Gwamna Lugga ta 1917 ta raba mazaunin Turawa da na 'yan ƙasa, aka tanadi a bar fili fetal mai faɗin yadi 440 a tsakani, wai don kada sauron da ya ciji baƙar fata ya kai wa Bature zazzaɓi. Asalin unguwannin da muke kira G.R.A. ke nan. Bature da asibitinsa, da kulob ɗinsa, da matakin albashinsa dabam. A 1947 otel ɗin Bristol na Ikko ya hana wani babban ma'aikacin Ofishin Mulkin Mallaka na London ɗaki, Ivor Cummings, don dai kawai mahaifinsa mutumin Saliyo ne. Jaridu da 'yan siyasar Ikko suka ta da ƙura, har Gwamna Arthur Richards ya ba da sanarwar hana irin wannan bambanci. To amma a nan Turawa 'yan tsiraru ne, zuwa suka yi, kuma shekara 13 bayan wannan suka naɗe tabarmarsu. A Amurka baƙar fata su ne tsirarun, kimanin mutum ɗaya cikin goma, ba su da wata ƙasar da za su koma, kuma wanda ke danne su maƙwabcinsu ne, Littafi ɗaya suke karantawa da shi ran Lahadi.

Wannan magana ta ƙarshe ita ce gishirin laccar, don haka ku ba ni dama in ɗan daɗe a kanta. Kuskure ne a ce addinin Kirista ya tsaya a gefen waɗanda aka zalunta, shi ke nan. Ubangijin bawa ma Kirista ne, yana kuma da ayoyinsa. A 1845 cocin Baftis ta Amurka ta tsage biyu a kan ko mai bayi zai iya zama ɗan mishan, kuma ɓangaren kudu, wanda ya ce zai iya, shi ne ya aiko da Thomas Bowen ƙasar Yarbawa a 1850. Sai a 1995 wannan coci ta fito ta nemi gafara. Wani shehin malamin baƙar fata, Howard Thurman, wanda ya gana da Gandhi a Indiya a 1936, ya ba da labarin kakarsa, wadda aka haifa cikin bauta. Ba ta iya karatu ba, shi yake karanta mata Littafi Mai Tsarki, amma ta hana shi karanta mata yawancin wasiƙun Bulus, domin a gandun da ta tashi, duk lokacin da aka kawo fasto farar fata ya yi wa bayi wa'azi, ayar biyayyar bawa ga ubangijinsa ita yake maimaita musu. Tsohuwar nan ba ta bar addinin ba. Ta dai zaɓi inda za ta sha ruwa a cikinsa, kuma bayi 'yan'uwanta ƙissar Annabi Musa da Fir'auna suka riƙe. Ashe ke nan tun kafin rigimar ta fito titi, an daɗe ana yinta a kan mumbari.

Me fastocin baƙar fata suka samo a Littafin? Da farko dai darajar ɗan Adam. Littafin Farawa ya koya musu cewa an halicci mutum cikin kamannin Mahaliccinsa, watau an ba shi wata martaba wadda ba hukuma ce ta ba shi ba, balle ta karɓe. Musulmi ba zai ji wannan baƙon abu ba, tun da ya san karramawar da Allah ya yi wa 'ya'yan Adam. Idan haka ne, dokar da ta ce wane ya zauna gaba, wane ya zauna baya saboda launin fata, ta yi wa Mahalicci shisshigi. Sa'an nan akwai iyakar biyayya. Gaskiya ne sura ta 13 ta wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa ta umurci a bi mahukunta, kuma ita ce sandar masu wariya. Amma cikin Littafin nan dai akwai ungozomomi biyu da suka ƙi kashe jariran Bani Isra'ila duk da umurnin Fir'auna, akwai samari uku da suka yarda a jefa su wuta da su yi sujada ga gunkin sarkin Babila, akwai kuma Bitrus da 'yan'uwansa da suka gaya wa majalisar da ta hana su wa'azi cewa biyayyar Allah tana gaba da ta mutane. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya zare takobi.

Abin da ya fi wuyar haɗiya shi ne ƙaunar maƙiyi, wadda ke sura ta 5 ta Linjilar Matiyu tare da umurnin kada wanda aka mara ya rama. Martin Luther King, wanda ya yi digirinsa na uku a ilmin tauhidi a Jami'ar Boston a 1955, yakan bayyana wa jama'arsa cewa harshen Girka, wanda aka rubuta Linjila da shi, yana da kalmomi dabam-dabam na so. Akwai son da ke tsakanin saurayi da budurwa, akwai na aminai, akwai kuma wanda ake kira agape, watau nufin mutum da alheri ko da jininku bai haɗu ba. Ba a ce ka ji daɗin ganin ɗan sandan da ya fasa maka kai ba. An ce kada ka nufe shi da halaka, domin shi ma wariyar ta gurɓata shi, kuma gobe a gari ɗaya za ku zauna. A bisa aƙidar Kirista kuwa, Almasihu ya ɗauki wahalar gicciye ba tare da laifinsa ba, wahalar kuma ta zama sanadin tsirar wasu. Wanda ya tashi da wannan aƙida, in aka ce masa dukan da zai sha yau zai amfani jikokinsa, zai gane abin da ake nufi.

Yanzu bari mu ga yadda abin ya kasance a aikace. An hana bauta a Amurka a 1865, amma a 1896 Kotun Ƙoli ta halatta raba jinsunan biyu a jirgin ƙasa da makamantansa, muddin wai an ba kowa daidai da na ɗan'uwansa. A birnin Montgomery na Jihar Alabama, baƙar fata su ne kashi uku cikin huɗu na masu shiga bas, amma sai mutum ya biya kuɗi a ƙofar gaba, ya sauka, ya zagaya ya shiga ta baya. In kujerun fararen fata suka cika, tilas ya tashi ya ba da tasa. Ran 1 ga watan Disamba 1955 wata tela mai suna Rosa Parks ta ƙi tashi, aka kama ta, daga baya aka ci ta tarar dala 10 da kuɗin kotu dala 4. Ana yawan cewa gajiya ce ta hana ta tashi, alhali kuwa ita ce sakatariyar reshen ƙungiyar NAACP na garin, ta san abin da take yi sarai. A daren da aka kama ta wata malamar kwaleji, Jo Ann Robinson, da ɗalibanta biyu suka kwana a kan injin gurza takardu, gari ya waye dubban takardu sun bazu, ana kira ga kowa ya ƙaurace wa bas ran Litinin 5 ga wata. Aka naɗa King shugaba, yana ɗan shekara 26, bai kai shekara biyu a garin ba.

Kwana ɗaya aka yi niyya, abin ya kai kwana 381. 'Yan'uwa, ku kwatanta a ce daga gobe babu mai hawan bas, ko Keke Napep, ko kabu-kabu daga nan Unguwar Rogo zuwa mazaunin Jami'a na dindindin, da hunturu da zafin watan Afrilu da damina, har shekara ta zagayo. Mako nawa za mu yi kafin mu fara zamewa ɗaya-ɗaya? Su abin da ya riƙe su coci ne, domin ita ce kaɗai wurin da ke hannunsu ɗungum, su suka gina ta, su ke biyan fasto, babu farar fatar da zai kore shi daga aiki. Nan ake taruwa da dare a yi waƙa da addu'a, a tara gudummawa, a rarraba aiki. Direbobin tasi baƙar fata suka riƙa ɗaukar mutane a kan kuɗin bas, hukuma ta yi musu barazana, sai aka shirya motocin sa-kai wajen 300 masu tashoshi da lokuta. Wata mai dafa abinci, Georgia Gilmore, ta haɗa mata 'yan'uwanta suna toye-toye suna sayarwa, ribar ta tafi wajen sayen mai. Da aka tuhumi shugabanni 89 a watan Fabrairu 1956 da laifin shirya ƙauracewar, ba su jira a zo kama su ba, suka sa tufafinsu na zuwa coci suka kai kansu ofishin 'yan sanda, jama'a na yi musu tafi.

Babbar jarrabawa ta zo ran 30 ga watan Janairu 1956, sa'ad da aka jefa bom a gidan King, matarsa da jaririyarsu suna ciki. Allah ya kiyaye babu wanda ya ji rauni. Jama'a suka yi dafifi a ƙofar gidan, wasu da bindigogi da wuƙaƙe, ga magajin gari da shugaban 'yan sanda tsaye a tsakiyarsu. King ya fito ya ce kowa ya mai da makaminsa gida, ya tuna musu da umurnin ƙaunar maƙiyi, taron ya watse. Zan ɗan yi ratse a nan, domin akwai abin da masu yabo sukan tsallake. A wannan lokaci King kansa bai gama rabuwa da makami ba, har ya nemi lasin riƙe bindiga aka hana shi, kuma akwai masu gadin gidansa da bindigogi. Wasu mutum biyu da suka daɗe da nazarin Gandhi, Bayard Rustin da Glenn Smiley, su suka zauna da shi har ya yarda a fitar da makaman. Watau shi ma koyon abin ya yi, kamar yadda kowa zai iya koya. Ran 13 ga watan Nuwamba 1956 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa wariya a bas ta saɓa wa tsarin mulki, a watan Disamba jama'a suka koma shiga, kowa ya zauna inda ya ga dama.

Ɓangaren da ya fi shafarku shi ne na ɗalibai. A birnin Nashville akwai wani matashin fasto na cocin Methodist, James Lawson, wanda ya yi zaman kurkuku saboda ya ƙi shiga soja lokacin yaƙin Koriya, ya kuma yi shekara uku yana koyarwa a Indiya. Tun daga 1959 yake tara ɗalibai a ɗakin wata coci yana horar da su. Sai a raba su biyu, rabi su zauna kamar suna kantin da aka hana baƙar fata cin abinci, rabi su zama 'yan iskan gari, su zage su da mugayen sunaye, su hura musu hayaƙin taba, su ture su ƙasa. Wanda ya ga ba zai iya jurewa ba, sai a ba shi wani aikin, kamar tuƙa mota ko kai saƙo, ba a sa shi a sahun gaba. An yi watanni ana wannan kafin a fita. Ran 1 ga watan Fabrairu 1960 ɗalibai huɗu a garin Greensboro suka riga su, suka zauna a teburin cin abinci na kantin Woolworth suka ƙi tashi, na Nashville suka bi ran 13 ga wata. Ran 27 aka far musu da duka, babu wanda ya rama, amma su 'yan sanda suka kama, mutum 81, aka bar masu dukan. Da alƙali ya yanka musu tara, wata ɗaliba mai suna Diane Nash ta ce ba za su biya ba, domin biyan tarar tallafa wa zaluncin ne, suka zaɓi gidan yari. Jami'ar Vanderbilt ta kori Lawson. A watan Afrilu aka tayar da bom a gidan lauyansu, sai dubban mutane suka yi tattaki zuwa ofishin magajin gari, shiru, ba a jin komai sai takun sawu. A nan Diane Nash ta tambayi magajin garin, Ben West, a gaban kowa, ko yana ganin daidai ne a hana mutum abinci saboda launinsa, ya amsa cewa ba daidai ba ne. Ran 10 ga watan Mayu kantunan suka buɗe wa kowa.

Hujjar wannan hanya ba ta fito a rubuce filla-filla ba sai a Birmingham a 1963. Kotu ta ba da umurnin hana jerin gwano, King ya saɓa da gangan, aka kama shi ran 12 ga watan Afrilu, wadda ta zo daidai da Jumma'ar da Kirista ke tunawa da gicciye Almasihu. Sai shugabannin addini takwas na jihar, dukansu fararen fata, bakwai Kirista da malamin Yahudu ɗaya, suka buga sanarwa a jarida cewa abin da ake yi gaggawa ce, a bar wa kotu. Ku lura, waɗannan ba 'yan ta'adda ba ne, dattawa ne masu sassaucin ra'ayi, irin waɗanda kullum maganarsu a yi haƙuri. King ya soma rubuta amsa a gefen jaridar nan, ita ce shahararriyar wasiƙarsa daga kurkukun Birmingham mai kwanan wata 16 ga Afrilu. Tambayar da ya fuskanta mai ƙarfi ce: kai da kake cewa fararen fata su bi hukuncin Kotun Ƙoli na 1954 da ya haramta wariya a makarantu, yaya kuma kake karya doka? Ya ɗauko amsarsa daga manyan malaman coci na da, Augustine, wanda ɗan Afirka ta Arewa ne, da Thomas Aquinas, cewa dokar ɗan Adam tana samun ƙarfinta ne daga dacewarta da dokar Allah. Ya kuma ba da ma'aunin da ko marar addini zai iya aiki da shi. Dokar da masu rinjaye suka ɗora wa tsiraru amma su ba ta hau kansu ba, da dokar da aka yi wa mutanen da aka hana jefa ƙuri'a, ba dokokin adalci ba ne. Ya tuna musu cewa abin da Hitila ya yi a Jamus bisa doka ya yi shi.

Amma ya gindaya sharaɗi, kuma sharaɗin ne ya raba wannan hanya da tarzoma. Sai an tabbatar da zaluncin da hujja, an nemi sulhu an rasa, masu fita sun binciki zukatansu sun tabbata za su iya shan duka ba ramuwa. Sa'an nan a karya dokar a fili, da sunanka da fuskarka, ka kuma karɓi hukuncin. Masu sa-kai na Birmingham har takardar alkawari suka sa wa hannu, cewa za su riƙa tunani a kan koyarwar Almasihu kullum, kuma ba za su cuci kowa ba, ko da hannu, ko da harshe, ko a zuci. King ya cika nasa sharaɗin. A 1967 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta ce ya yi laifi da ya saɓa wa umurnin kotun Birmingham, sai ya koma Alabama ya yi kwanakinsa a kurkuku, alhali tun 1964 yana riƙe da lambar yabo ta Nobel.

A watan Mayu 1963 'yan makaranta suka fito, kwamishinan 'yan sanda Bull Connor ya sakar musu karnuka da mesar 'yan kwana-kwana, aka tsare ɗaruruwansu. Hotunan suka zagaya duniya daidai lokacin da shugabannin Afirka ke taruwa a Adis Ababa don kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, har taron ya bayyana damuwarsa a kan halin baƙar fatar Amurka. Dokar 'yancin jama'a ta fito a 1964, ta 'yancin ƙuri'a a 1965. Farashin kuwa ya haɗa da 'yan mata huɗu, masu shekara 11 zuwa 14, da bom ya kashe a coci ran 15 ga watan Satumba 1963, da King kansa, wanda aka harbe a Memphis ran 4 ga watan Afrilu 1968 yana da shekara 39.

Ba kowa ne ya yarda da wannan hanya ba, kuma masu sukarta ba wawaye ba ne. Malcolm X, wanda ya yi lacca a Jami'ar Ibadan a watan Mayu 1964 bayan ya sauko daga aikin Hajji, har ɗalibai Musulmi suka raɗa masa suna Omowale, yana ganin laifi ne a koya wa mutum kada ya kare kansa alhali ana kashe shi. Afirka ta Kudu ta ƙara wa maganarsa nauyi. Albert Luthuli, hakimin Groutville kuma mai wa'azi a coci, ya rasa rawaninsa a 1952 saboda ya goyi bayan yaƙin ƙin bin dokokin wariya, wanda aka ɗaure mutum fiye da 8,000 a cikinsa. Gwamnatin Daniel Malan, wanda shi ma tsohon fasto ne, ta mai da martani da dokar 1953 mai tanadin bulala da ɗauri ga duk wanda ya karya doka don nuna ƙin yarda. Ran 21 ga watan Maris 1960 'yan sanda suka harbe mutum 69 a Sharpeville, a ƙarshen 1961 Nelson Mandela da abokansa suka koma ga makami. A ganina, abin da ya bambanta ƙasashen biyu shi ne, a Amurka akwai tsarin mulkin da ya yi alkawarin daidaito, akwai gwamnatin tarayya da ke jin kunyar duniya, akwai jaridu da talabijin da ba a rufe wa baki ba. Hanyar lumana tana bukatar mai kallo wanda zuciyarsa ba ta mutu ba. Duk da haka, ko a Afirka ta Kudu ba bindiga ce ta kayar da wariya ba. Yajin aiki, da ƙauracewa, da takunkumin duniya sun fi yin tasiri, kuma a 1982 majalisar cocin Reformed ta duniya ta yanke cewa kare wariya da Littafi Mai Tsarki ɓata ce, abin da ya zare wa gwamnatin tabarmar addini da take zaune a kai.

Mu dawo gida. Wannan hanya ba mallakar Kirista ba ce su kaɗai. Abdul Gaffar Khan ya tara dubban Musulmi Fatan a arewa maso yammacin Indiya tun daga 1929, mutanen da aka sani da ramuwar gayya, ya rantsar da su a kan ƙin ɗaukar makami, ya kafa hujja da haƙurin Musulmin farko a Makka. A nan lardin Sakkwato, Malam Aminu Kano yana shugaban makarantar horon malamai ta Maru ya ajiye aiki a 1950, shekarar da aka kafa NEPU a Kano ran 8 ga watan Agusta. An san shi da sha'awar hanyar Gandhi. Abokin hamayyarsu ba launin fata ba ne, mulkin En'e ne da Turawa ke daure wa gindi, amma 'yan Sawaba sun san bulala da gidan yari saboda yin lacca ba izini ko ƙin aikin tilas, kuma Hajiya Gambo Sawaba ta shiga kurkuku sau da yawa har abin ya zama mata lambar girma.

Ɗaliban Nijeriya ma sun zub da jini. A watan Afrilu 1978, lokacin rigimar ƙarin kobo 50 a kuɗin abincin yini, an kashe ɗalibai a Ikko da Zariya, aka kuma haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa. A watan Agusta 2024 matasan Arewa suka fito saboda tsadar rayuwa, kokensu gaskiya ne, amma a Kano da wasu garuruwa ba a kai ko'ina ba aka shiga fasa rumbuna da gine-ginen gwamnati, aka yi asarar rayuka, aka sa dokar hana fita. Ran 1 ga watan Nuwamba na shekarar aka gurfanar da yara ƙanana a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja, bayan sun yi wajen wata uku a tsare, wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, sai da ƙasa ta ɗauki zafi aka ba da umurnin a sake su. Alhakin harbi yana kan wanda ya harba, ba na neman sauke masa shi. Amma yaran Birmingham, kafin su fito, an zaunar da su a coci an koya musu abin da za su yi in kare ya taso musu, an rubuta sunayensu, akwai lauyoyi da kuɗin beli da ake tarawa dominsu. Yaran namu babu wanda ya horar da su, babu wanda ya san adadinsu, kuma waɗanda suka kira su fito ta wayar salula ba su bi su ofishin 'yan sanda ba. Lawson ya yi watanni yana horar da ɗalibai 'yan ƙalilan a ɗaki guda kafin ya yarda ko ɗaya ya taka ƙofar kanti, kuma cocin da ta ba shi aron ɗakin ba ta fi wasu masallatai da majami'un wannan gari girma ba.

Shugaba, na ga lokaci ya ja, a nan zan dakata domin a samu damar tambayoyi.